Magani Biyu a Jiki Ɗaya: Lacca kan Haɗa Maganin Raɗaɗi da na Kashe Ƙwayoyin Cuta

 

 

Tambaya ɗaya aka ba ni in yi magana a kanta, kuma duk wanda ya taɓa aiki a tagar bayar da magani ya sha jin ta: "Malam, an rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta, an kuma rubuta min na rage raɗaɗi. In sha su tare, ko akwai matsala?" Akasari babu matsala. Wanda aka cire wa haƙori aka ba shi amoksisilin da farasitamol ko ibufurofen, ya sha abinsa hankali kwance. Yaro mai amosanin jini da ke shan fenisilin kullum don rigakafi, ranar da ciwo ya taso aka ba shi maganin raɗaɗi, su ma biyun ba sa faɗa da juna. Na fara da wannan ne don kada wani ya fita daga nan ya je ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda tsoro. Katse maganin kashe ƙwayoyin cuta a tsakiya ɓarna ce mai zaman kanta.

Sai dai akwai wasu 'yan tsirarun haɗe-haɗe, sanannu, da aka daɗe da rubuta su a littattafan likitanci, waɗanda ke tsayar da numfashi, su jawo jijjiga, su lalata ƙoda. Abin da ya fi ci min rai game da su shi ne, sau da yawa magungunan biyu ba daga hannu ɗaya suka fito ba. Likita ya rubuta guda, ɗayan kuma daga kyamis ɗin unguwa yake, ko ragowar na maƙwabciya, ko daga aljihun da mai shi ba ya son a san abin da ke ciki. Mutum ɗaya tak ya san duk abin da ya shiga cikin nan, wato majinyacin. Shi kuwa ko dai ba a tambaye shi ba, ko an tambaye shi ta yadda ba zai iya faɗin gaskiya ba.

Duk maganin da muka haɗiya sai jiki ya san yadda ya fitar da shi, kuma aikin nan na hanta ne da ƙoda. A cikin hanta akwai sinadarai masu farfasa magani. Masana sun yi musu lambobi, wanda ya fi kowanne yawan aiki shi ne CYP3A4, akwai kuma wani CYP2D6 da za mu ambata. Ku ɗauke su kamar injin markaɗe na unguwa. Lokacin da aka tsara cewa magani kaza a sha ƙwaya ɗaya bayan kowace awa takwas, an yi lissafin ne bisa cewa injin yana aiki yadda ya saba, kafin ƙwaya ta biyu ta iso an kusa gamawa da ta farko. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ke cushe injin, sai layi ya taru, ƙwaya ta biyu ta tarar da ta farko, ta uku ta tarar da su duka. Akwai kuma wanda ke ƙaro injuna, sai a markaɗe maganin raɗaɗi tun bai yi aikin da aka sha shi dominsa ba.

A ƙarshen shekarar 2004 wasu likitoci a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan suka buga labarin wani majinyacinsu, dattijo mai shekara 62 da ke fama da sankarar jini, aka kwantar da shi saboda ciwon huhu. An ɗora shi a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ciki har da kilaritromaisin da wani na cututtukan fumfuna. Tari ya hana shi sakat, sai aka ƙara masa kodin, miligiram 25 sau uku a rana. Wannan ɗan kaɗan ne ƙwarai, mai ciwon haƙori ma ana ba shi fiye da haka. A rana ta huɗu aka same shi ba ya amsa kira, numfashinsa ya yi ƙasa. Da aka yi masa allurar nalokson, wadda ke warware gubar magunguna dangin mofin, sai ya farfaɗo.

Da suka bi diddigi sai suka gano abu uku ne suka taru masa. Shi kodin a karan kansa ba shi da wani ƙarfi, hanta ce ke mayar da kusan kashi ɗaya cikin goma nasa ya zama mofin, sauran kuma su fita ta wasu hanyoyi. Magungunan da aka ba dattijon sun toshe ɗaya daga cikin hanyoyin nan. Shi kuma ya gaji halittar da ta sa sinadarin CYP2D6 ya yi masa yawa, hantarsa tana juya kodin zuwa mofin da sauri fiye da ta sauran mutane. Sannan ƙodarsa ta raunana saboda jinya, abin da ya taru ya rasa mafita. Babu wanda ya wuce ƙa'ida ko da ƙwaya ɗaya, kuma a gadon asibiti yake, da ma'aikata a kansa dare da rana. Ku ƙaddara a ɗakinsa yake kwance, iyali suna cewa a bar shi ya samu barci. Irin wannan gadon halitta bai da yawa a Turai, amma a nahiyarmu akwai inda ya yawaita, domin a Habasha an same shi a jikin mutum 29 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Ba a gane shi a fuska, kuma ba ya cikin gwaje-gwajen da ake yi a asibitocinmu na yau da kullum.

Kilaritromaisin ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana cikin haɗin nan na magunguna uku da ake ba masu gyambon ciki don kashe ƙwayar cutar da ke haddasa shi, ana kuma ba da shi don ciwon ƙirji da na maƙogwaro. Yayansa eritromaisin shi ake yawan ba wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin. Su biyun duk suna cushe CYP3A4, saboda haka suna ɗaga magungunan raɗaɗi dangin mofin irin su oksikodon da metadon da fentanil a cikin jini, har da fentanil ɗin da ake manna wa masu ciwon daji a fata. Ƙaninsu azitromaisin ba ya yin haka sosai, shi ya sa likita kan sauya zuwa gare shi idan ya san majinyaci yana kan irin waɗannan magunguna. Idan ya sani, na ce.

Akwai wasu biyu da ba dangin mofin ba ne amma don ciwo ake shan su, kuma kilaritromaisin ya fi yi musu illa. Na farko kolcisin, wanda ake ba mai ciwon gaɓɓan nan da ke tashi da dare ya kumbura babban yatsan ƙafa har mayafi ba ya taɓuwa. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa a kolcisin siririya ce. A shekarar 2005 likitoci a Hong Kong suka duba takardun majinyata 88 da aka ba kolcisin da kilaritromaisin a lokaci guda, suka tarar mutum 9 sun rasu, kuma hatsarin ya fi tsanani ga masu raunin ƙoda. Yana farawa da zawo da amai, waɗanda kowa zai ɗauka lalacewar ciki ce, daga nan ya gangara ga ɓargo ya hana shi ƙera jini. Na biyu ergotamin, tsohon maganin ciwon ɓarin kai. Aikinsa matse jijiyoyin jini, in ya taru sai ya matse na hannu da ƙafa, yatsu su yi sanyi su canza launi, akwai waɗanda abin ya kai su ga yankewa.

Yanzu mu juya ga wanda ke ƙaro injuna, wato rifamfisin. A nan zan ɗan daɗe, domin Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma duk wanda aka ɗora a kan maganin wata shida da aka saba bayarwa yana shan rifamfisin kullum daga ranar farko zuwa ta ƙarshe. Shi ne mai rina fitsari da gumi da hawaye su yi ja, abin da ba shi da illa. Magani ne mai daraja, ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Amma cikin mako guda da fara shi hanta kan ninka aikinta a kan magunguna da dama. Tun a shekarar 1976 aka lura da haka a birnin Niyu Yok, inda masu shan metadon don rabuwa da hodar hiroyin suka kamu da tarin fuka. Cikin mutum 30 da aka ba rifamfisin, 21 suka shiga halin wanda aka yanke wa magani, ciwon jiki da gumi da rawar ɗari, alhali ba a rage musu komai ba. Daga baya a ƙasar Finlan aka auna aka ga rifamfisin yana rage oksikodon ɗin da aka haɗiya da kashi 86 cikin 100, taramadol kuma da fiye da rabi. A Jamus, a shekarar 1997, aka ga mofin ma ƙarfinsa na kashe ciwo yana gushewa.

Ku dubi abin da wannan ke nufi a gadon asibiti. Saurayi ne mai amosanin jini, ya kamu da tarin fuka, yana wata na biyu a kan magani, sai ciwon ƙashi ya taso masa. An ba shi abin da aka saba ba shi, bayan awa guda yana murƙususu yana cewa bai ji komai ba. Me ake cewa a kansa? Ana cewa ya saba da allura, jaraba ce ke damunsa. Na sha jin wannan magana, kuma tana ƙona min rai, domin yaron gaskiya yake faɗa, hantarsa ce ke cinye maganin kafin ya isa inda ciwon yake. Haka abin yake ga dattijuwa mai ciwon daji. Abokan aikina, kafin mu yanke wa majinyaci hukunci, mu duba katinsa na asibitin tarin fuka tukuna.

Akwai kuma sauran rina a kaba. In likita ya fahimta ya ƙara yawan maganin raɗaɗi, ranar da aka kammala rifamfisin hanta za ta fara komawa yadda take, kuma cikin mako biyu ko makamancin haka ta koma. Adadin da ya yi daidai a watan jiya ya zama guba a wannan watan. Ranar da ake murnar gama maganin tari, ranar ce ya kamata a sake lissafin maganin ciwo. Sannan uku daga cikin magungunan tarin fuka huɗu, isoniyazid da rifamfisin da firazinamid, dukansu suna wahalar da hanta. Farasitamol da muke rainawa shi ma ta can yake bi. Iyakarsa ga babba mai lafiya giram 4 ne a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da na ciwon jiki da yawa, mutum ya sha wannan ya sha wancan bai san abu ɗaya yake maimaitawa ba. Mai shan maganin tari ya tambayi likitansa nawa ya dace da shi. In ido ya yi ruwan ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ya koma asibiti a ranar.

Iyayena, ku yi min haƙuri, dole in yi maganar taramadol, wanda yaranmu ke kira tiramol. Magani ne na gaskiya, a Jamus aka fara sayar da shi a shekarar 1977, kuma likitoci suna rubuta shi bayan tiyata da karaya. Wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, iyakarsa kuma 400 a yini. Wanda ke yawo a tasha da kasuwa akwai mai 200, da mai 225, da mai 250. Ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haura iyakar yini guda. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin su taramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba cikin shekara guda. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Waɗannan miliyoyin su ma suna kamuwa da taifot da ciwon sanyi da tari kamar kowa, su ma suna zuwa asibiti a rubuta musu magani.

Taramadol yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa faɗawa cikin jijjiga, musamman in ya yi yawa. Sifrofuloksasin, wanda a kyamis ake ce wa sifro, da danginsa irin su ofuloksasin da lebofuloksasin, su ma suna da wannan hali. Sifro kuwa shi ne abin da ake miƙa wa kusan duk wanda aka ce yana da taifot. Ga matashi lebura ko ɗan acaɓa da ke haɗiyar tiramol kowace safiya don ya jure aiki. Zazzaɓi ya kama shi, an ba shi sifro, ba a tambaye shi komai ba, shi ma bai ce komai ba. Kwana biyu sai ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa. A gida a ce iska ce, ko a ce farfaɗiya ta same shi da girmansa, a bazama neman magani ta wata hanya, tiramol da sifro kuma ana ci gaba da sha. Haɗa sifro da su ibufurofen ko diklofenak ma yana ƙara wannan hatsari, abin da aka fara ganowa a Japan cikin shekarun 1980 da wasu 'yan'uwansu biyu. Ga mai lafiyar ƙwaƙwalwa da ƙoda abin ba kasafai yake faruwa ba, kada in tsorata ku fiye da kima. Ga mai farfaɗiya, ko wanda ya taɓa buguwa a ka, ko tsoho mai raunin ƙoda, a nemi wani maganin. Akwai kuma tizanidin, mai sassauta tsoka, da ake rubuta wa masu ciwon baya da wuya. Sifro yana ninka shi kusan sau goma a jini, hawan jini ya faɗi warwas, barci mai nauyi ya danne mutum. Wannan haɗin an hana shi kwatakwata.

Sabon abin da nake so ɗalibai su riƙe shi ne linezolid. Tun daga ƙarshen shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin wata shida don tarin fuka mai bijire wa magani, kuma linezolid yana cikinsa, saboda haka za mu ƙara ganinsa. Yana hana jiki farfasa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, taramadol da fetidin kuma suna ƙara yawansa. In suka gamu, cikin awoyi kaɗan mutum zai fara karkarwa, gumi ya jiƙe shi, jiki ya ɗau zafi, ciki ya ɓaci, ƙafafu su riƙa zabura, ya rikice. Da ganinsa za a ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Abin da zai raba gardama shi ne a san me ya sha.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu da ke nan: likita ba ɗan sanda ba ne, kuma amanar majinyaci wajibi ce a kansa. In ana rubuta maka magani, ka ce, "Likita, ina shan tiramol, kaza a rana." Mu kuma ma'aikata, yadda muke tambayar shi ne rabin matsalar. In ka ɗaga murya a gaban mahaifin yaro da layin mutane ka ce, "Kai, kana shaye-shaye ne?" amsar da za ka samu ka riga ka san ta. Ka sa a ba ku wuri, ka sassauta murya, ka ce, "Akwai abin da kake sha don ƙarfin aiki ko don barci? Ina tambaya ne don kada maganina ya yi karo da shi." Wallahi da yawa suna faɗa.

Mu sauko kan ƙoda, inda a ganina aka fi yi mana ɓarna a ƙasar nan, kuma a shiru. Diklofenak da ibufurofen da firoksikam da sauran danginsu suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai ƙoshin lafiya da ya sha ruwa ya ƙoshi ba zai ji komai ba na 'yan kwanaki. Jentamaisin kuma, allurar nan mai araha da ake yi don ciwon sanyi da miki da zazzaɓin da aka rasa gane kansa, yana taruwa a cikin ƙoda ya ƙona ƙananan bututunta, kuma ta ƙodar kaɗai yake fita. Idan diklofenak ya rage wa ƙoda aiki, jentamaisin ya ƙara taruwa, shi kuma ya ƙara lalata ta. Ku ɗora wannan a kan mutumin da ya kwana uku yana zawo da amai cikin zafin watan Afrilu, ko mai ciwon suga, ko mai amosanin jini wanda dama ƙodarsa a wahale take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da amosanin jini kowace shekara a Najeriya, kuma sukan haɗu da magungunan nan biyu a rana ɗaya, tunda ciwo da zazzaɓi tare suke zo musu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, illar jentamaisin takan bayyana ne bayan kwana biyar zuwa bakwai, kuma sau da yawa fitsari bai ragu ba. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta da wuri. Yana kuma taɓa kunne, jin da ya tafi ta wannan hanya yawanci ba ya dawowa. Mutum ya je neman sauƙin ciwon mara ya ƙare a layin wankin ƙoda, garin gyaran gira an rasa ido.

Septrin, wanda masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da yawa ke sha kullum don kariya, yana sa ƙoda ta riƙe sinadarin fotashiyam. Su diklofenak ma haka, maganin hawan jini irin lisinofuril ma haka. In ukun suka haɗu a jikin dattijo, fotashiyam na iya hawa har ya rikita bugun zuciya ba tare da wata alama ta gargaɗi ba.

Akwai wata sarƙa kuma da ba ta kisa nan take amma tana ɓata magani. An sha diklofenak, ƙwannafi ya taso, sai a kora da farin ruwan maganin olsa. Sinadaran da ke cikinsa suna kama sifro tun a hanji su hana shi shiga jini, har kusan kashi 90 cikin 100 na iya salwanta. Maganin ƙarin jini ma yana yin haka, madara da nono ma suna ragewa, kuma tetirasaikilin da dokzisaikilin duk abin ya shafe su. A sha sifro awa biyu kafin waɗannan, ko awa shida bayansu, kada kuma a kora shi da fura da nono. Masu azumi su kula, domin a lokacin buɗa-baki ne ake tara komai a tafin hannu a watsa a baki gaba ɗaya. A tuna kuma maganin raɗaɗi yana saukar da zazzaɓi ko da cutar tana nan daram. In an kwana uku ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, zazzaɓi yana dawowa da zarar farasitamol ya sake shi, ko ciki ya ƙara tauri da ciwo, a koma wurin likita, kada a ƙara ƙwaya.

Kowa a ɗakin nan ya san haɗi. Mutum ya tsaya a kanta ya ce, "A haɗa min na ɗari biyar, jikina ke ciwo, ga zazzaɓi." Mai shago ya ɗauki almakashi ya yanko biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya ɓare su ya zuba a 'yar farar leda ya ƙulle bakinta. Ga fari zagayayye, ga kafso mai ja da ruwan ɗorawa, ga wani ɗan mitsitsi ruwan hoda. Ya ce safe da yamma. Kwana huɗu bayan haka an kawo mutumin asibiti ranga-ranga, mahaifiyarsa ta kwance bakin zanenta ta miƙo ledar ta ce, "Ga abin da yake sha, ɗana." Mu juya ƙwayoyin a tafin hannu, babu suna, babu lamba, babu kwali. Farar ƙwaya zagayayya tana iya zama abu hamsin. Duk ilimin da na zayyana muku tun ɗazu ba ya aiki a kan ledar nan, domin sai an san sunan magani ake sanin abokin faɗansa.

'Yan'uwana masu kyamis, na san a ƙauyuka da yawa ku ne asibitin, ku ake tasa da tsakar dare, ku ke ba da bashi ranar da babu. Ba na raina wannan. Amma lasisinku bai ba ku ikon sayar da tiramol ko yin allurar jentamaisin ba, kuma dalilin hanin shi ne abin da kuka ji yau. Abin da kuka sayar, ku bar shi cikin katinsa yadda sunan zai karantu, in kun yanka ku yanka ta inda rubutun zai tsira, ko ku rubuta sunan a takarda ku saka a ledar. Kafin ku miƙa, ku tambaya ko yana shan maganin tari na wata shida, ko yana da farfaɗiya, ko ciwon ƙoda, ko akwai wani abin da yake sha kullum. In amsar i ce, ku tura shi gaba. Ku kuma iyayenmu mata, tunda jinya a hannunku take, ranar zuwa asibiti ku tattaro duk abin da majinyaci ke sha, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, da kwalayensu, ku zube a teburin likita. Mu ma'aikata, in mun ga illar da muke zargin daga haɗuwar magunguna ta fito, hukumar kula da magunguna ta NAFDAC tana da takardar kai rahoto, mu cike ta, domin da irin waɗannan rahotanni aka gano da yawa daga cikin abin da na ambata.

Saura abin da za a yi in abin ya riga ya faru. Majinyaci yana shan kodin ko taramadol ko mofin, an ƙara masa sabon magani, sai kuka ga barcinsa ya yi nauyi. Ku kira sunansa, ku girgiza kafaɗarsa. Ku ɗora hannu a ƙirjinsa ku duba agogo ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Babba yana yin 12 zuwa 20. In ya gaza goma, ko yana wani irin minshari da ba ku san shi da shi ba, ko kun ɗaga fatar idonsa kun ga ƙwayar ta tsuke ta zama ɗigo, ko leɓe da farce sun yi toka-toka, ku nemi mota a lokacin, kada a jira gari ya waye. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin zai tafi. Ku kwantar da shi ta gefe. In jijjiga ce, ku kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi. Da isarku asibiti, kafin a tambaye ku, ku faɗi sunan maganin raɗaɗin da lokacin da ya sha na ƙarshe, domin nalokson yana aiki cikin 'yan mintoci in an san shi ake buƙata. Ko ya farka ya ce ya warke, kada ku matsa a sallame shi, ƙarfin allurar yakan ƙare kafin na maganin da ya tara a jikinsa, yana iya komawa.

Mai girma shugaban taro, lokacin da aka ba ni ya cika, kuma na ga hannaye a sama tun ina maganar maganin tari. A ba su dama.